Yadda Rediyo Mai Aski Ya Nemo Wa Matarsa Likita

A layinmu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya, Rediyo kowa ya sani. Mai aski ne. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne tsakanin mai facin taya da mai gyaran waya: kujera ɗaya mai juyawa wadda ta daɗe da daina juyawa, madubi mai tsaga a gefe, sai bencin masu jiran aski da masu zuwa shan gulma kyauta. Tun yana saurayi yake sana'ar nan, kuma tun lokacin bakinsa bai san hutu ba. Kana zama zai ba ka labarin wanda ya sayi mota, da wanda aka kora daga aiki, da wanda ke rina gemu a ɓoye. Labarin gidansa ne kaɗai tashar ba ta kamawa.

Bayan matarsa ta haifi autarsu sai ta koma kamar ba ita ba. Ba ci, ba barci, sai ta zuba wa bango ido, jaririya na kuka ita ma ta kama nata. Malamar asibitin unguwa ta duba ta, ta ce wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, kuma kada a yi sanya.

Rediyo ya ɗauki katin inshorar lafiya na gwamnati ya shiga gari. A asibitin kuɗi, matar da ke kan tebur ta kalli katin kamar ya miƙa mata ɓawon ayaba. A babban asibiti sun karɓa, amma ranar da suka sa masa, kafin ta zo jaririyar ta fara rarrafe. Lambobin da aka ba shi kuwa, wata a kashe, wata ta yi ta ƙara ba mai ɗauka. Yayarsa ta ja shi gefe ta ce ya rufa wa kansa asiri, irin wannan lalura ba a kai ta bakin layi. Ya ce to. Ya koma gida ya tarar da abincin safe yana nan a gaban matar ba ta taɓa ba, ya daɗe tsaye a bakin ƙofa.

Washegari ya fito da sabon salo. Ya ɗaura wa mutum ƙyalle a wuya, ya aske rabin kai tas, sannan ya kashe inji ya rungume hannu. Matarsa ba lafiya, in ji shi, likitan ƙwaƙwalwa yake nema mai karɓar katin gwamnati, wa ka sani?

"Haba Rediyo, ƙarasa min mana, aiki zan koma," in ji wani tela, yana leƙen kansa a madubi.

"Yi tunani tukuna, maigida. Duk danginka ba mai aikin asibiti? Ga wayarka nan a aljihu."

Wa zai fita titi da rabin kai? Manyan mutane suka riƙa kiran surukai da tsofaffin abokan makaranta, ƙyalle a wuya. Wasu suka kwatanta masa mai magani, wasu suka sauya shago, 'yan benci suka koma raɗa. Rediyo yana jin su, kunyar tana cinsa, amma bai fasa ba.

Ana nan sai ga wani ƙato mai ƙarancin magana, wanda ba za a faɗi sana'arsa a nan ba don kada ku gane shi. Ya bari sai da benci ya watse, sannan ya yi ƙasa da murya ya ce akwai wata likita a saman kantin magani, bayan tashar mota, tana karɓar katin, a je mata da sassafe. Rediyo ya tambaye shi yadda aka yi ya sani.

"Can nake zuwa," in ji mutumin.

Rediyo ya ƙarasa askin nan bakinsa gum. Har yau 'yan benci na tatsarsa, iyakar abin da suka samu shi ne wani bawan Allah ne.

Likitar ta karɓi katin ba gardama. Sai dai duk tambayar da ta yi wa matar, Rediyo ke cafewa, har ta ajiye biro ta ce, "Malam, ita nake tambaya. Ga kujera can a waje." Ya fita da jaririyar a kafaɗa. Ta bayan ƙofa ya riƙa jin muryar matarsa, a hankali, tana tsayawa tana ci gaba. Bai matsa kusa don ya ji abin da take cewa ba.

Ta fito da magani da ranar komawa. A hanya, tana bayansa a kan babur, ta tambaye shi inda ya samo wurin. Ya ba ta labarin tela da rabin kansa, har da ƙari. Sai ya ji ta yi wata 'yar dariya, gajeriya, a bayan wuyansa.

"Allah ya shirye ka, Baban yara," ta ce.

Ya rage gudu, ya ɗauko mata labarin daga farko.