Ƙullin Albarushin Kawu

Shekarar da na fara noman shinkafa a fadamar Birnin Tudu, jan-baki suka sauko mana ana saura kwana ashirin yanka. Tsuntsayen nan in suka taso sai rana ta dushe. Mun yi ihu, mun buga gwangwani, muryata ta dushe, ko gezau. Sai na aika garin Damaga a kira mini kawuna, tsohon maharbi, wanda ya daina shiga daji amma bai rabu da adakarsa ba, bindigar nan ta ɗuri ta baki.

Da hantsi ya iso a kan babur, bindiga naɗe cikin buhu. Muka daɗe muna gaisawa, ni kuwa na ƙagu in ji ƙara. Ba harsashi za a sa ba, albarushi ne kawai da tsumma, don a firgita tsuntsaye.

Kawu ya zazzage jakarsa, ya sake zazzagewa. Ma'auninsa, ɗan tsinin ƙaho da yake awon albarushi da shi tun yana saurayi, ya baro shi gida.

Na ce, "Kawu, ka zuba a tafin hannu mana, ai ka saba."

Ya kalle ni. "Ɗana, mi kac ce? Wagga aba ba a yi mata kintace. In ta yi yawa, hannunka za ta ci."

Duk da haka akwai ƙulli ɗaya a aljihunsa, cikin takarda, wanda ya auna tun a gida. Ina ganinsa dabara ta zo mini. Na hau babur sai Talata Mafara, wajen wani abokina mai sayen zinari. Ya ara mini ƙaramin sikelinsa mai batir, wanda ko numfashi ka yi kusa da shi sai lambar ta motsa.

Da na dawo, ni da Kawu muka zauna gindin mangwaro, nesa da masu shan taba. Na ɗora ƙullin, lamba ta fito. Kawu bai yarda ba. Ya sa na sauke, na mayar, har sau uku, lamba ba ta canza ba. Sai ya yi dariya har da buga cinya.

"Kai! Abin ga bai ƙarya!"

Ya yanko gaɓar gora, yana cika ta da albarushi, ina aunawa, yana rage bakinta da wuƙa kaɗan-kaɗan, har awon ya zo daidai da na ƙullin.

Bayan la'asar garken ya sauka a kan shinkafar. Kawu ya ɗura, ya danna tsumma, ya ɗaga baki sama, ya yi bisimilla. Ƙarar ta girgiza mini haƙarƙari. Hayaƙi ya turnuƙe, tsuntsaye suka tashi baƙi ƙirin suka nufi gulbi, manoman da ke kewaye suka ɗauki kabbara. Ban san lokacin da na jefa hulata sama ba.

A ɗuri na uku ya miƙo mini bindigar, ya gyara mini tsayuwa. Na harba, na ja baya taku biyu, kunnena na ƙugi, ina ta dariya.

Kwana ashirin Kawu ya yi wurinmu, har aka yi yanka, maƙwabta na rububinsa gona-gona. Da zai koma, buhun sabuwar shinkafa muka ɗaura masa a bayan babur.