Baba Barau da Ƙofar Garejin Gidanmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Maris, 1979, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Barau Ruwan Godiya, direban mahaifina na shekara ashirin da biyu. Mu 'ya'yan gidan, Baba muke ce masa.

Baba, kai ka riƙa kai ni makaranta, kai kuma ka ɗauko mini amaryata Bilki daga Sabuwa. Ban taɓa jin ka ɗaga wa kowa murya ba.

Da mahaifina Alhaji ya gina sabon gida a Ƙanƙara, ya sa wa gareji ƙofa mai aiki da lantarki, wadda ake danna maɓalli ta ɗaga kanta. Mutane har daga Ketare suke zuwa kallo. Kai kaɗai ka tsaya wajen masu haɗa ta kana tambaya: in injin wuta ya mutu fa?

Ranar da naƙuda ta kama Bilki da hantsi, injin ya ƙi tashi, mota kuma tana ciki a kulle. Na rikice, har na ɗauko gatari. Ka riƙe hannuna, ka shiga ta ƙaramar ƙofa, ka ja jar igiyar da ke reto a sama. Ƙofar ta rabu da sarƙarta, ka ɗaga ta da kafaɗarka, da shekarunka sittin. Da ƙyar muka isa asibiti. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri, da mun rasa uwa da ɗiya.

Washegari wuta ta dawo, sarƙa tana tafiya, ƙofa ko motsi. Alhaji ya ce a kira injiniya daga Kaduna. Ka yi murmushi.

"Ba ta lalace ba, Alhaji. Sakin ta muka yi. Abdulkarim, zo ka gani, ba kullum nike nan ba."

Ka sa na sauke ta har ƙasa, na sake jan igiyar har maƙalin ya koma mazauninsa, sannan na danna maɓalli. Sarƙa ta taho a hankali, muka ji ƙaras, ƙofar ta ɗaga. Sau uku ka sa na maimaita.

Ranar Talatar nan da ciwo ya kama ka, ni na tuƙa, kai kana kwance a baya, kanka a cinyar Alhaji. Ba mu kai asibiti ba. Alhaji, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, ya ce in tsaya a gefen hanya. Shi ya rufe maka ido.

Ɗiyar nan, Barakatu, ta fara tafiya. Kullum da safe sai ta je ƙofar ɗakinka ta buga.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna Kulu, da ɗanka Gide, da jama'ar Ruwan Godiya. Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Mu kuma Ya ba mu haƙurin rashinka. Amin.