Haruffan Labaran Masu Takalmi

Labaran mai fenti na Makarfi ba da buroshi ya tashi ba. Rake ya sani, kamar kowa a garin. Shekara biyu da samun mulkin kai, injin matse rake, irin wanda doki ke juyawa, ya cinye masa yatsu uku na dama. Ya share wata huɗu a zaure yana korar ƙuda, matarsa Atika na riƙe da gida da tuyar ƙosai. Wannan ya fi hannun yi masa ciwo.

Da ma ya taɓa ajin yaƙi da jahilci, sai ya kama koyon rubutun allon kanti da hagu. Hagu kuwa ta ce ba ta san miƙewa ba. Duk harafin da ya ja sai ya karkata gaba, kamar mai ɗauke da damin rake. Da ya gaji da faɗa da su, ya ƙara musu kauri, ya dasa wa kowanne ƙafa mai faɗi.

"Takalmi na sa musu," ya ce wa Atika, "kada su faɗi."

Amma a bayan zana yake aiki, wai fenti ba ya son ido. Wa zai yarda a rubuta sunansa da hannun da ba a cin tuwo da shi? Ya san duk ran da maganar ta fita, sana'a ta mutu. Mutane sun ɗauka da sauran yatsu biyun yake lallaɓawa, shi kuwa bai gyara musu ba.

Sai ga Alhaji Sada mai fataucin mazarƙwaila ya kawo sabuwar motarsa. Labaran na kan harafin ƙarshe Alhaji ya ɗaga zana ba sallama.

"Subhanallahi! Malam Labaran, sunana da na mahaifina da hagu?"

"Alhaji, ita Allah ya bar mini."

Alhaji ya sa aka ja mota, ya ce a Zariya za a goge. Labaran ya wanke buroshinsa ya cusa a rufin ɗaki, baƙin ciki ya hana shi cin ƙosan ranar.

Zariyar ba ta samu ba, don kaya ba sa jira. Motar ta ci kasuwar Kudan da ta Ikara. Direbanta Ja'afaru ya dawo yana ba da labari: tun daga nesa 'yan ajin yaƙi da jahilci ke haɗa sunan da ƙarfi, wani tsoho ma ya rantse motar ko a tsaye take gudu take yi.

Ranar kasuwar Makarfi Alhaji ya aika a kira Labaran. Ya tarar da wata motar tsaye tsakiyar jama'a.

"Bari in ɗauko zana, Alhaji."

"Bar ta, Malam. A nan za ka yi."

Labaran ya dubi taron, ya ce bismillah, ya naɗe hannun rigarsa na hagu.