Makin 'Yar Fermín

Shekara ashirin da bakwai Amílcar Ledesma ya yi yana koyar da dokar diyya a tsangayar shari'a a Tucumán, ƙasar Ajantina. Bai taɓa makara aji ba, bai kuma taɓa rubuta littafi ba. Ofis ɗaya suke da Fermín Albarracín, ƙoƙo ɗaya suke shan mate, shayin ganyen ƙasarsu, a ciki. 'Ya'yansu mata ma rana ɗaya suka shiga tsangayar. Azucena, ta Amílcar, ta rasu a shekararta ta uku a tsangayar, sanƙarau, kwana huɗu kacal. Ludmila, ta Fermín, ta ci gaba.

Duk abin da ya biyo baya a kunnen Amílcar aka yi, domin Fermín ba ya iya haɗiye murna. Ludmila ta kammala. Ludmila ta koyi rubuta manhaja. An gayyaci Ludmila São Paulo ta yi jawabi a kan shari'a da ƙirƙirarriyar basira.

"Tsoho, wai har alƙalai ke rubuta abin da take faɗa. Ni da na haife ta, rabin zancen kawai na gane."

"Da ma kai komai rabinsa kake ganewa," in ji Amílcar, ya miƙa masa ƙoƙon. A ransa kuwa lissafi yake: da yanzu Azucena na da talatin da ɗaya.

Kundin digirin Ludmila na uku a kan tambaya ɗaya yake: idan na'ura ta yanke shawara ta cuci mutum, wa ke da alhaki? Tsangayar ta buɗe gurbin malami a fannin, kuma kowa ya san sai masu jarrabawa uku duk sun ba ta maki goma cikin goma kafin ta sha gaban wani ɗan takara daga Córdoba. Aka sa Amílcar a cikinsu.

Sau uku ya karanta kundin yana neman kuskure. Ya samu a shafi na 214: ta kafa hujja da sashen tsohuwar doka da aka riga aka soke.

Ranar kare kundin ya bari sai da ta gama, sannan ya karanta mata sashen a hankali.

Ludmila ta duba, fuskarta ta canza. "Gaskiya ne, Kawu... Dakta. A ajinka na haddace shi, muna shekara ta biyu. Ban koma na duba ba."

Aka yi dariya. Ta Fermín ta fi ta kowa, yana layin gaba cikin kwat ɗin da ta yi masa kaɗan. Amílcar ya kalli kujerar da Fermín ke kai, kujerar uba. Ita yake so.

Da aka rufe ƙofa, sauran biyun suka rubuta goma. Tara ba za ta zama zalunci a takarda ba, zai iya kare ta a gaban kowa.

"Amílcar, muna jiranka," in ji shugabar kwamitin. "Ko biron ne ya ƙi?"

Ya rubuta goma, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: a gyara shafi na 214.

A bakin matakala dangi na jiran Ludmila da ƙwai da fulawa, yadda ake yi wa duk wanda ya gama. Kafin Amílcar ya sauko har sun mayar da ita fara fat, tana dariya tana kare ido. Fermín ya danƙa masa ƙwai.

"Jefa, tsoho. 'Yarka ce kai ma."

Amílcar ya auna, ya jefa da ƙarfin da bai san yana da shi ba. Ƙwan ya fashe a ƙirjin Fermín. Mutane suka kwashe da dariya, wai tsoho ya daina gani.

Fermín bai yi dariya ba. Ya dubi kwat ɗinsa, ya dubi abokinsa, sannan ya sunkuya ya ɗauko wani ƙwan ya miƙa masa.