Ma'aikatan Haƙorin Auta

Ƙanena Auta ya haura sittin, shekara arba'in yana ɗinki, bai taɓa yanke zare da almakashi ba. Yana da wani haƙorin gaba mai ɗan tsagi, da shi yake yi. Keke na tsayawa sai ya sunkuya ya datse. Ko rigar alƙali ce sai ta sha yawunsa.

Bara haƙorin ya ruɓe daga saiwa. Sau uku likita tana huda shi, ta wanke, ta toshe, sau uku kumburin yana dawowa, leɓen Auta ya koma kamar na raƙumi. Magani kuwa ya haɗiya har ya gaji. A zuwa na huɗu ni na raka shi, don matarsa ta ce ta sallama.

Likita ta ce, "Baba, ko a cire, ko mu gwada wata dabara. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ba su da abinci sai ƙwayoyin cutar da suka maƙale a saiwar. Zan zuba su ciki."

Auta ya ce, "Ina aka samo su?"

"Asalinsu ruwan kwata, amma an tace su tas."

Na ce, "Zuba, 'yar nan. Bakin nan ya ga abin da ya fi kwata."

Tun ranar Auta ya zama mai gidan ma'aikata. Ya bar shayi mai zafi, kada ya ƙona su. In atishawa ta zo sai ya danne hanci, kada su fice. Da azahar ba ya amsa gaisuwa, wai suna hutawa. Zare kuma sai ya ɗauko riga ya tsallako titi zuwa gidana in yanke masa a bayan ƙofa, wai kada haƙorin ya ga almakashi ya karaya.

Bayan wata biyu aka ɗauki hoton haƙorin. Likita ta ce saiwa ta warke, halittun ma sun ƙare tunda abincinsu ya ƙare.

Idon Auta ya ciko. "Yaya, yunwa ta kashe su a bakina? Ko sallama ba mu yi ba!"

Na ce, "Rufe mana baki, uban marayu."

Likita ta ɗaga yatsa ta ce kada ya ƙara cizon zare har abada. Ya gyaɗa kai kamar mutumin kirki. Ashe wani zare yake kallo yana reto a hannun rigarta. Kafin in riƙe shi ya cafke hannun baiwar Allah ya sunkuya.

Ta ƙwala ihu. Zaren ya faɗi ƙasa, haƙorin yana nan daram.