Zaren da Ƙasa Ta Ƙi Ci

Babanmu ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wata masaƙa a Kano, aikinsa shafa wa zaren roba mai. Ba da hannu ba, wani ƙarfe ne ke juyawa cikin kwamin mai, zaren yana bi ta kansa kafin ya shiga injin saƙa. Shi ke lura kada kwamin ya ƙafe. Ya ce in babu man nan zaren zafi yake yi, ya tashi buzu-buzu, ya manne da ɗan'uwansa, ya tsinke. Tun ina ƙarami ya koya mini murza ƙyalle tsakanin babban yatsa da manuni. Auduga tana riƙe yatsa, roba kuwa sulɓi take yi, ko da an wanke ta.

Da aka rufe masaƙar ya tattaro ya dawo ƙauyenmu, tsakanin Gwarzo da Kabo, da tari a ƙirji da buhu guda na ragowar zare. Da zaren nan muka riƙa ɗaure damin dawa, da darni, da ƙafar akuya. Ƙarfi kam ba a magana.

Shekaru suka ja. Wata damina muna noman firi, fartanyarsa ta sarƙe da wani abu. Ya janyo, sai ga zaren da muka yar tun ina makarantar firamare, yana nan garau, ko gara ba ta taɓa shi ba. Ya daɗe yana juya shi a tafin hannu.

"Ka gani? Ƙasa ta ƙi cin sa," in ji shi. "In na mutu kada ku naɗe ni a cikin irin wannan."

Na yi dariya, ni da bakina ba ya shiru. Na ce, "Haba Baba, ai malamai sun ce in dai fari ne mai tsarki ya wadatar."

"Na sani. Ni dai ba na so. In koma ƙasa, tufata ta ƙi bina?"

Ashe da gaske yake. Ya shuka auduga a gefen gona, ya kai wa Gwaggo, yayarsa, wadda ita kaɗai ta rage mai kaɗi a unguwarmu. Akwai wani tsohon masaƙi a Kutama da ya yi alkawarin saƙa masa fari in zaren ya cika. To amma idon Gwaggo ya yi rauni. Takan zauna a bakin ɗaki ta dangwali alli, ta murza mazari, zaren ya tsinke, ta yi tsaki ta ƙulla. Baba in ya zo wucewa sai ya leƙa ƙwaryar zaren, ta ce, "Kai, gaggawar me kake yi? Ni ce gaba da kai."

Tarin ya riga ta, Baba ya rasu zaren bai cika ba. Ina Kano aka kira ni, kafin in iso an yi masa wanka an suturta shi. Baffa, ƙaninsa, shi ya sayo yadin a kasuwar Gwarzo, mai kanti ya rantse masa auduga ce zalla.

Ni na shiga kabari na karɓe shi. Ina kama likkafanin yatsuna suka zame. Wallahi ban yi niyyar murzawa ba, hannuna ne ya yi da kansa. Sulɓin nan ne, ba tantama. Raina ya ɓaci, na ɗago na ce, "Baffa, wannan ai na roba ne."

Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Kai, a nan? Jama'a na tsaye, ga hadari ya haɗo. Yi haƙuri ka kwantar da shi."

Na kwantar da shi. Muka jera itace, muka tura ƙasa. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma har yau ban san wa zan riƙe a raina ba.

Bayan an watse daga zaman makoki na shiga gaida Gwaggo. Na tarar da ita da mazari a hannu, alli a yatsa. Ba ta tambaye ni komai ba, ta riga ta ji.

Na ce, "Gwaggo, na wa ne kuma?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Nawa ne. Kai kuma ka daina nisa da gida."