Neman Gam ɗin Noti a Katsina

Mun tashi da asuba, ni da yayana, muka tsaya bakin titin Mani muna jiran mota. A aljihunsa akwai noti biyu ƙulle cikin leda, kuma su ne dalilin tafiyar. Injin niƙa gare shi a ƙauyenmu, girgizar injin kuwa kullum sai ta kwance notin da ke riƙe da haƙoransa. Ya naɗa musu zare, ya naɗa leda, duk a banza. Makon da ya wuce ɗaya ya fice ana tsakiyar niƙa, ya fasa ƙwaryar wata dattijuwa maƙwabciyarmu. Tun ranar mata suka koma kai niƙa ƙauyen gaba. Wani direba ne ya ba shi labarin gam da ake ɗiga wa noti a birni.

Hanya lafiya lau. Gero ya fid da kai dama da hagu, mu huɗu a kujerar baya, kaji na kuka a but. Ƙofar motar da igiya aka ɗaure ta. Na nuna wa yayana, na ce ga wani mai bukatar gam ɗin nan fiye da shi.

Ta Ƙofar Durbi muka shiga, muka karya da koko da ƙosai mai zafi. A Babbar Kasuwa aka fara miƙo mana gam ɗin takalmi, sannan na bututun ruwa, kafin wani mai kirki ya tura mu shagunan kayan inji na wajen Ƙofar Kaura.

Mai shagon wani Alhaji ne mai fara'a. Sai da muka gaisa har kan gajiya da damina da mutanen gida, sannan ya jero ƙananan kwalabe kamar na maganin ido, ja da shuɗi. Kuɗin ɗaya ya fi kuɗin motarmu. Yayana bai yi wata-wata ba, ya ce a ba shi wanda ya fi ƙarfi. Aka ce jan ne. Ya riga ya sa shi aljihu lokacin da Alhaji ya tambaya.

"Malam, mi za ka ɗaure da shi?"

"Haƙoran injin niƙa, Alhaji."

"Ba ka cire su ka kai wasawa?"

"Duk mako."

Alhaji ya yi dariya, ya jawo wani murfin inji daga ƙarƙashin benci, baƙi ƙirin, da guntun noti karye a ciki. Ya ce mai shi ma ja ya saya. Ja ba ya saki sai an gasa shi da wuta, don haka na wurin da ba za a sake kwancewa ba ne. Shuɗi yana hana girgiza kwance noti, amma sifana tana iya buɗe shi. Ya ƙara da cewa a wanke maiƙon noti da fetur, a bari ya bushe, a ɗiga kaɗan, a ɗaure, kada a tayar da inji sai ya kwana.

Yayana ya fito da jan a hankali, kamar mai mayar da kayan aro, ya karɓi shuɗi.

Muka sha fura, muka kamo hanya, la'asar ta yi mana a gida. Yayana ya bi ƙa'idar tsaf, ko da yake sau biyu ina janye shi daga jikin injin kafin magariba. Na koyi cewa a sana'a, kafin ka ɗaure abu, ka fara tambayar ranar da za ka kwance shi.

Washegari injin ya yi ta ruri har azahar da hatsin gidanmu, noti bai motsa ba. Dattijuwar nan ta tsaya daga nesa tana kallo. Can ta matso ta ajiye dawarta, amma a kwanon ƙarfe.